Bayan Wace Sallah?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da amaryata da ke bayanki, wadda tun da ta zo duniya ba ta bar kowa ya runtsa a gidan nan ba, amma na san gobe in mota ta ɗauke ku ni ne zan fara ƙorafin gida ya yi shiru. Allah ya kai ku Rabah lafiya, ya tsare muku hanya gaba da baya, ya sa ki tarar da maigidanki cikin ƙoshin lafiya. Na gode wa Allah da ya sauke ki lafiya, kika gama wankan jegonki lafiya. Ban gaya wa kowa ba, amma tun ranar da aka kawo ki goyon ciki abinci bai zauna mini ba sai da na ji kukan yarinyar nan.

Kin san halina. In na fara magana da baki sai in hau sama, ke kuma ki sunkuyar da kai kina dariya cikin mayafi. Maigidanki kuwa surukina ne, in na zaunar da shi zai yi ta cewa "to, Baba", ya tashi bai ji ko rabi ba saboda kunya. Shi ya sa na rubuta, na ba mahaifiyarki ta sa miki cikin kaya. Ki karanta in kin huta, abin da kika ga ya dace ki isar masa da bakinki.

Shekaranjiya ina alwala a tsakar gida na ji kina gaya wa mahaifiyarki cewa mai gina gidan da kuka saya a Rabah ya ce ku shirya, bayan Sallah za ku tare. Na ji kin ce da kin koma za ki fara sallamar maƙwabta, a kuma gaya wa mai gidan da kuke haya ya nemi wasu. Buta ta kusa suɓuce mini. Sai na ji mahaifiyarki ta ce miki, "Wace Sallah ta, ƙarama ko babba?" Sai kika ce to bari ku dakata tukuna. Na ƙarasa alwalata da hamdala. Ba hikima ce ta sa ta yi miki tambayar nan ba, wuya ce ta koya mata, kuma ni na jawo mana wuyar.

Kina makarantar koyon jinya a Sakkwato lokacin da muka sayi gidan nan na Wurno, mun kuwa ɓoye miki rabin labarin don kada karatunki ya rikice. Lokacin ne mutanen daji suka matsa wa ƙauyukanmu. Mu muna nan cikin ɗakuna biyu na haya, Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, tana can Shinaka ita kaɗai a gidan mahaifina. Ba irin roƙon da ban yi mata ba. Na je da kaina, na aika ƙannena, na sa liman ya yi mata magana. Amsarta ɗaya ce kullum: "Gidan haya ba gida ba na. In kwana ƙarƙashin kwanon wani, wata rana shi zo shi ce mani tashi? Ku bar ni inda anka kawo ni."

Ana cikin haka na ga wasu ƙananan gidaje da Sani magini yake yi a bayan gari yana sayarwa tun ba a gama ba. Bulo ya kai linta a ɗaya daga ciki, akwai ɗaki a gefe mai kallon tsakar gida, da ɗan lungu da za a iya kafa akurki. Na tsaya a ƙofar ɗakin nan, ba rufi ba ƙyaure, amma ni har na ga Inna zaune bisa tabarma tana tsinke zogale. Muka yi ciniki. Ran nan bayan la'asar, a ƙofar masallaci, jama'a na tsaye, na dafa kafaɗarsa na ce, "Sani, ai bayan Sallah muna shiga ko?" Ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya, ya ce, "In Allah ya so, Alhaji, bayan Sallah." Azumi na gab da kamawa, don haka ni Sallah ɗaya ce a kaina.

Na daɗe ina cewa Sani ya yi mini ƙarya. Daga baya na gane ni na sa masa maganar a baki. Yaro ne a kaina, na tambaye shi a gaban mutane, na kuma haɗa tambayar da amsarta. Wane ɗan ƙasar nan ne zai dubi mai furfura a ƙofar masallaci ya ce masa a'a? Sai ya samo amsar da ba ƙarya ba ce, ba kuma alkawari ba ce, ya miƙa mini, ni kuwa na karɓa hannu biyu. Saboda haka ku sami maginin naku shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba. Kada ku ce masa "ai wata kaza za a gama ko?" Ku ce masa, me ya rage, wa zai yi shi, kayan suna ƙasa ko sai an sayo. In ya lissafa da bakinsa, ku da kanku za ku ga ko maganar ta kusa. In ya ce bayan Sallah, ku tambaye shi wacce, da wane wata, a faɗa gaban mutum biyu masu mutunci, a rubuta. Ba rashin yarda ba ne. Shi ma sai ya fi samun sauƙi, don kun raba shi da kunyar da za ta sa ya ce to.

Washegari ban ko karya ba na hau babur sai Shinaka. Na ce, "Inna, na sayi gida. Namu ne, da ɗakinki, da wurin kajinki." Ta dube ni, ta ce, "Yaushe?" Wannan ce rana ta farko da ta taɓa tambayar yaushe, daɗi ya ɗebe ni, na ce mata bayan Sallar nan da kwana kaɗan zan zo da mota.

Kin san mutanen da, ba sa barin gari kamar yadda ku kuke yi, a ɗauki jaka a ɗaga hannu. Cikin goman ƙarshe na azumi Inna ta ɗauki sandarta ta bi gidajen Shinaka ɗaya bayan ɗaya. Ko ina ta shiga sai ta durƙusa ta nemi gafara, ta ce in ta taɓa saɓa wa wani cikin zaman da aka yi a yafe mata, ita ma ta yafe. Aka yi ta koke-koke. Ta rabar da turminta da randunanta, ta kyautar da akuyarta, kazarta mai wake-wake da take ji da ita ta ba Hajo, maƙwabciyarta da suka tsufa tare katanga ɗaya. Ba ta sa an yi wa ɗakinta yaɓen shekara ba, ba ta ajiye irin kuɓewa ba, me za ta yi da su? Ta ɗaure sauran kayanta cikin zannuwa, ta bar tabarma da buta da tukunya guda, ta zauna jiran mota.

Da aka sauko idi na ba Sani kwanakin yawon Sallah, sannan na leƙa gidan. Yadda na bar shi haka na same shi, sai ƙadangaru da suka riga mu tarewa. Na nemo shi, raina a ɓace. Ya ce, "Alhaji, ai ban ce ƙarama ba." Wallahi da ba don azumin Shawwal da ke bakina ba, da ranar an ji mu.

Zuwa gaya wa Inna ya fi mini komai nauyi. Na same ta zaune bisa ƙullin kayanta, ta ci ado da sabon zane. Da na gama inda-indata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai, "To." Na ce ta kwance kayan, a karɓo mata turmi da randa kafin Babbar Sallah. Ta ce, "Na roƙi gahwara ga kowa, an yahe mani, an yi kuka. In hita in ce musu mi? In ce a mayar mani da hawayena?" Daga ranar Inna ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Matar da ba a suna ko ta'aziyya a garin ba ita, ta kulle kanta a ɗaki don kada wata ta tare ta a hanya ta ce, a'a Inna, har kin dawo daga Wurno? Hajo ce ke miƙo mata tuwo ta kan katanga. Na roƙe ta ta zo gidan hayar ta zauna kafin a gama, ta ce ta gaya wa duk gari gidan ɗanta za ta, ba za ta fita sai zuwa gidan ɗanta.

To ki ji ni da kyau, don wannan ce ta fi ci mini rai. Jinkirin magini shi kaɗai ba ya kashe kowa. Abin da ke wahalar da mutum shi ne abin da ya saki saboda maganar magini. Kada ki sallami kowa. Kada ku ce wa mai gidan hayarku komai sai dai ku roƙe shi ya bar ku wata-wata in wa'adinku ya cika, ko da zai ɗan ƙara muku, ya fi ku tsinci kanku da jaririya a zauren wani. Kada ki kwance gado, kada ki kyautar da ko ludayi. In ƙawayenki na asibiti sun tambaye ki yaushe za a sha walima, ki ce musu ana kan aiki. Bakinki ya fi nawa nauyi, na sani, amma daɗin sabon gida yana buɗe bakin kowa.

Damina ta sauka, aiki ya tsaya cak. In na je sai in tarar da Sani shi kaɗai, ko shi ma in rasa shi. Ya ce gulbi ya cika, tifa ba ta iya shiga ɗibar yashi, wanda ke ƙasa kuwa ruwa ya janye rabinsa. Ya ce leburori sun watse. Ni kuwa na mayar da zuwa wurin kamar salla, safe da yamma, kullum da sabuwar baƙar magana. Rannan na same shi da kafinta da wasu mutane, na buɗe murya na ce wane irin magini ne wannan da ba ya iya riƙe leburori, ina suka shiga, ƙasa ta haɗiye su? Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, biyu daga cikinsu suna gonarka. Tun shekaranjiya suka yi maka noman hwari." Kafinta ya juya baya yana tari, ni kuwa na san ba tari ba ne. Ni na aika a nemo mini 'yan ƙwadago, na kuma ce a ƙara musu a kan abin da kowa ke biya don gerona kada ciyawa ta cinye shi. Ashe da hannuna na kwashe masu ɗora wa uwata rufi.

Ban ba shi haƙuri ba a ranar, girman kai bai bar ni ba, shi kuma ya yi kwana da kwanaki bai taka wurin ba. Nan ma lokaci ya tafi a banza. Ki gaya wa maigidanki, masu ginin ƙasar nan manoma ne kafin su zama leburori. In ruwa ya sauka suna gona, in kaka ta yi suna yankan gero, in sanyi ya shigo suna fadama wajen dashen albasa. Duk wa'adin da aka ba ku, ku aza shi bisa kalandar gona ku gani ko zai tsaya. Maigidanki ya riƙa zuwa duba aiki a kai a kai, a san da mai ido a wurin, amma ya tafi da sallama ya dawo da sallama. In zai yi faɗa, ya ja mutumin gefe. Magini in ka kunyata shi gaban yaransa ba zai rama da baki ba, sai dai gobe ka ji an ce ya tafi wani aiki a Goronyo.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah sai ga saƙo daga Sani, wai a gaya wa Alhaji an gama gini. Na miƙe ina neman hulata, na ce a kira direba, gobe sai Shinaka. Mahaifiyarki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Tahi ka gani da idonka tukuna. Tsohuwar ga ba ta ɗaukar ta biyu." Na je ina gunaguni. Gaskiya ne an gama gini: bango ya kai inda zai kai, katanga ta zagaye. Sama kuwa sai gajimare. Ba kwano, ba filasta, ba ƙofa, ba taga, ba a ko haƙa masai ba. A bakin magini gini shi ne bulo bisa bulo, aikinsa ke nan, ya kuwa gama. Ni kuma da na ji gini sai na ji gida. Ban yi faɗa ba wannan karon, na zauna bisa wani bulo na yi ta dariya ni kaɗai, ina gode wa Allah da ya ba ni mace mai tsayawa a bakin ƙofa.

Ku kula da kalmomin nan, don kowane mai sana'a da inda "an gama" ɗinsa ya tsaya. Na kafinta daban, na mai walda daban, na mai wayarin daban. Naku "an gama" shi ne ranar da za ki iya kulle ƙofa, ki kewaya bayi, ki ɗora tukunya. Abu ɗaya da na yi daidai cikin wannan sha'ani, shi ma ba dabarata ba ce, mahaifiyarki ce ta hana ni ba Sani cikon kuɗinsa tun da wuri. Ya roƙa, ya ce da shi zai sayo kwano, na kusa sakewa. Ta ce in je in sayo kwanon da kaina in kai masa, ciko kuwa sai ranar makulli. Ku ma ku yi haka, ku riƙe wani abu a hannunku har ƙarshe, da fara'a, ba da gaba ba.

Can cikin tsakiyar damina, wata safiya ina shirin tafiya gona, aka kira ni aka ce an ji harbi a ƙauyen da ke kusa da namu, mutanen Shinaka da yawa sun kwana a Goronyo. Na ce Inna fa? Aka ce ba a gan ta cikin waɗanda suka fito ba. Ban san yadda na kai ba. Na tarar da gari tsit, ƙofarta a rufe. Na tura, ga ta zaune bisa ƙullin nan dai, da tasbaha a hannu. Ruwa ya ci gindin bangon ɗakin saboda rashin yaɓe, ta tara tukunyarta guda inda yake ɗiga. Ta rame har zoben hannunta na yawo. Na ce, "Inna, don me ba ki bi mutane ba?" Ta ce, "In bi su in ce mi? Ni da na riga su sallama." Na durƙusa na kama ƙafarta, na ce ta taimake ni ta hau babur ɗin nan. Ta shafa kaina kamar ina yaro, ta ce, "Tahi ka gama gidanka, ina nan." A hanyar dawowa na tsaya gindin wata tsamiya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Tsoro nake ji ƙwarai, kada a gama gidan nan a rasa wadda aka saya dominta.

Da na dawo na zauna na yi jugum, mahaifiyarki ta ajiye mini fura ta ce, "Kai dai gida kaka jira. Inna ɗaki guda taka so, da bayi, da ƙohwar da za ta kulle. Mu muna iya zama nan har baɗi." Watanni ina faɗa da mutum a kan gida sukutum, ban taɓa tunanin a raba aikin ba.

Da yamma na sayi goro na tafi gidan Sani, ba wurin aiki ba. Muka zauna a zaurensa mu biyu. Na ba shi haƙurin maganar da na yi masa gaban mutane, sannan na ba shi labarin Inna tun daga bankwana har tukunyar da ke tarar ruwa. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce, "Alhaji, mi yah hana ka hwaɗa mani tun hwarko? Kullum kana zuwa kana hwaɗa, ba ka taɓa ce mani tsohuwa ta a bisa ƙullin kaya ba. Ni ma ina da uwa." Na ɗauka in na nuna masa inda ke yi mini ciwo zai raina ni, ashe shi ne abin da zai tashe shi.

Ba zan ce miki daga nan komai ya tafi kamar ruwa ba. Sai da gulbi ya janye aka sami yashi, sai da aka yanke gero aka sami hannu, mai walda ma ya ja mu nasa jan. Amma yanzu aikin na da kai, kowa ya san ɗakin gefe ake yi da bayi da ƙofar gida. Da lokacin dashen albasa ya zo, ni da kaina na ce wa leburorin nan biyu da suka yi mini noma kada in gan su a fadamata sai sun gama da Sani, albasata ta yi latti a shekarar, ban kuwa ji zafinta ba. In naku ya ja, ku yi haka. Ku zauna ku biyu ku ware abin da ba ku iya shiga sai da shi, da abin da zai iya jira kuna ciki. Fenti da tayil da silin ɗin falo ba su hana barci. Ku gaya wa maginin gaskiyar halin da kuke ciki, da jaririya da haya, ba da kuka ba, ba da barazana ba.

Ranar da aka gama filasta na ce gobe zan ɗauko ta. Sani ya ce a'a, karo na farko da ya taɓa ce mini a'a a fili. Ya ce bango na da danshi, in tsohuwa ta kwana ciki sanyi zai kama mata ƙirji, in bari ya sha iska. Na ji kamar in fashe, amma na bari. Cikin kwanakin nan na bi ɗakin da kaina. Na buɗe ƙofa na rufe, na ga sakata na shiga. Na kwarara bokitin ruwa a bayi na tsaya na ga inda ya bi, ashe baya yake komawa, aka fasa daɓen aka gyara. Na sa yaro ya hau ya zuba ruwa bisa kwano ina ciki ina kallon sama. Ku yi duk wannan kafin ku karɓi makulli, don abin da magini zai gyara da yini ɗaya kafin ku shiga, in kun shiga sai kun yi wata kuna bin sa.

Ban aika wa Inna komai ba. Sai da makulli ya kwana a aljihuna, sannan na ɗauki mota da hantsi, muka tsaya a ƙofar gidan mahaifina. Na shiga na ce, "Inna, tashi." Ba ta motsa ba, ta miƙo hannu ta ce, "Ina makullin?" Na sa mata a tafi. Ta jujjuya shi, ta ƙulle a bakin zanenta, sannan ta ce a fitar da kaya a hankali kada kowa ya ji. So take ta sulale. Ina, ƙarar mota ta riga ta tona mu. Kafin a ɗora ƙulli na biyu mata sun cika ƙofar gida, ga Hajo ta ratso su da kwando a ka, ta dire gaban Inna. Kazar nan ce mai wake-wake, da 'yan mata-matan kaji sun cika kwandon. Hajo ta ce, "Ga ajiyarki. Guda kinka ba ni, ga ta da ɗiyanta, har sun hwara ƙwai. Mu ba mu karɓi bankwanarki ba, yau mu munka zo yi miki." Inna ta dubi kajin, ta dube ni, ta ce, "Ka gani, kaza ta hi magininka sauri." Ta fashe da dariya har da hawaye, matan suka taya ta. Rabona da jin dariyarta tun kafin azumi.

Mun iso Wurno da azahar. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta yi bisimilla, ta shafa bango, ta tambayi gabas, ta yi sallarta. Sani ya zo ya durƙusa gaishe ta, kansa a ƙasa, yana jiran abin da za ta ce. Ta ce, "Kai na Sani? Allah shi yi maka albarka, ba ka yi ƙarya ba. Ko yau ai bayan Sallah na." Ya rasa inda zai sa kansa. Da ya fita ta kwance ƙullin farko da hannunta, ta shimfiɗa zane, ta kwanta ba takalmi. Mahaifiyarki ce ta lura, ta ce mini ka ga, ta cire takalmi. A can Shinaka da su take kwana, kullum cikin shirin tashi.

Ta yi barci har la'asar ta wuce, har rana ta yi ja. Na shiga na fita, na shiga na fita, daga ƙarshe na durƙusa na kai hannuna kusa da hancinta. Numfashi take a hankali, makullin na ƙulle a zanenta. Na fito na zauna a ƙasa cikin tarkacen bulo. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan yammacin ba, ko ranar da na sauka daga Arfa.

Sauran kin san shi. Ta ga damina biyu a ɗakin nan, ta shuka kuɓewarta a lungu, ta yi faɗa da kowa a kan kajinta, kika zo hutu ta yi miki kitso. Da Allah ya karɓi abinsa, a bisa gadonta ya karɓa, muna kewaye da ita, ba a daji ba, ba bisa ƙullin kaya ba. Ɗakin da kika yi jegonki ke nan. Duk safiyar da na ji kukan amaryata na fitowa ta ƙofar nan sai in tuna saura kaɗan gaggawata ta sa a gina shi a banza, sai in ce alhamdu lillahi.

Za ki ga kwando cikin kayanki, kada ki ce mahaifiyarki ta cika tarkace, ni na sa a ɗaure miki. Kaza ce mai wake-wake, jikar jikar waccan. Ki sake ta a gidan hayarku, ki ba ta dawa, ki bar ta ta yi kwanci. In an gama naku kafin ta ƙyanƙyashe, kun fi mu sa'a. In kuma sai 'ya'yanta sun fara ƙwai, ba ku ne farko ba, kuma ba abin da zai same ku tunda ba ku saki inda kuke ba. Ranar da makulli ya kwana a hannunki, ki shiga maƙwabta ki nemi gafara yadda mai sunanki ta yi, sau ɗaya, mota na jira a ƙofa.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na dare da na rana. Allah ya raya mini amaryata bisa tafarkin Manzo, ya ba maigidanki haƙuri fiye da nawa, ya ba magininku hannu da yashi da cika alkawari. Allah ya sa gidan ya zama na zaman lafiya, ku shiga da ƙafar dama, ku yi barci ba takalmi. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ɗakinta na can ya fi wannan. In kun sauka ki kira mahaifiyarki, ina kusa, zan ji.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
daga Wurno.